Iya Tambai da Gidan da Ba Shi da Juji

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Malama.

To, ku gyara zama. Mai cin gyaɗa ya tara ɓawonsa wuri ɗaya, akwai mai buƙatarsa.

Wasu in za su yi tatsuniya sai su ce "wata rana." Wace rana? Ni ba na irin wannan sakaci. Ranar Talata ce, sha ɗaya ga watan Rajab, ranar kasuwar Kurmin Gawo, ana gab da la'asar. A ranar aka fara zaluntar Iya Tambai.

Bari in ɗan koma baya, kada wani ya ce bai gane ba.

A Kurmin Gawo kowane gida yana da jujinsa a baya. Toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, sharar tsakar gida, duk can ake zubawa. Idan hadari ya fara leƙowa, sai a ɗaura wa jakai mangala, a kwashe jujin a kai gona. Shi ne takin shekara. Don haka gidan da jujinsa ya fi tudu, shi ake ganin ya fi arziki. Masu neman aure ma, kafin su yi sallama a ƙofar gida, sai sun zaga baya sun dubo juji.

Ana nan, sai leda ta shigo garin. Gishiri a leda. Manja a leda. Ruwan sha a leda. Ledar ma in ka saya, sai a saka maka ita a wata ledar. Sai jujin kowa ya kama tsawo kamar ana yi masa ban ruwa.

Sai Mai gari Jatau ya hau soro, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce, "Kai! Garina ya yi arziki ban sani ba. A kira mini Barmo."

Barmo shi ne sanƙira, mai shelar gari. Gangarsa tana da ƙara, amma bakinsa ya fi ta.

Mai gari ya miƙa masa doguwar gora, ya ce, "Bi gida gida ka auno mini jujin kowa. Ranar kasuwa ka shelanta, baƙi su ji."

Barmo ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Sai ya auna na Sarkin fawa, gora biyu. Sai ya auna na Mai gari, gora uku, sai da aka kawo tsani. Sai ya iso bayan gidan Iya Tambai.

Ita Iya Tambai tsohuwa ce mai alalar gwangwani. Shekara talatin da ɗaya tana zama a gindin tsamiyar kasuwa. Gwangwanayen madara arba'in da biyu gare ta, kullum ta wanke su da toka ta kife. Wanda ya zo da kwano ta juye masa a kwano. Wanda bai zo da shi ba ta juye masa a ganye. Gwangwaninta kuwa ba ya bin kowa gida.

Barmo ya duba, bai ga juji ba. Sai wani ɗan rami da aka rufe da tsohuwar tabarma, ga zogale sun kewaye shi.

Ya ɗaga murya ya ce, "Iya! Ina jujin?"

Ta leƙo ta ce, "Ba a gaisuwa a gidanku?"

"Ina wuni, Iya. Ina jujin?"

"Lafiya lau. Ba ni da shi."

"To ina kike kai shara?"

"Shigo in nuna maka."

"Ni? Gida sittin aka ce in auna."

Ku riƙe wannan da kyau. An ce ya shigo ya gani, ya ƙi.

Sai Talata ta zo. Kasuwa ta cika ta batse. Sai Barmo ya rataya ganga, ya tsaya wajen 'yan hatsi, ya buga, ya rera:

Gora uku na Mai gari,
Gora biyu na Sarkin fawa,
Iya Tambai ko taƙi babu!
Ina shararki take zuwa, Iya?
Masu cin alala, ku shafa cikinku!

Sai ya je wajen mahauta ya maimaita. Sai ya je matsayar jakai ya maimaita.

Sai kasuwa ta kwashe da dariya. Wani mutum da loma a bakinsa ya tofar. Wata mata ta fizge kwano daga hannun 'yarta. Kafin la'asar sakaliya gindin tsamiya ya zama wayam, ko ƙuda ya yi nisa. Alala uku Iya ta sayar a ranar. Talatin da tara ta mayar gida a ka.

Washegari ta yafa mayafi ta nufi zauren Mai gari. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. Sanƙiranka ya ce ina dafa wa mutane shara."

Barmo ya ce, "Ni ban ce ba. Tambaya na yi."

Ta ce, "Tambaya da ganga?"

Sai Mai gari ya yi ta dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Haba Iya, ai wasa ne."

"Wasan da ya hana ni ciniki, ranka ya daɗe?"

Ya gyara rawani ya ce, "To, amma fa akwai abin dubawa. Gida ba juji? Tun kakana ban taɓa ji ba. Saura kwana ashirin a yi kwasar juji. Kafin nan ki kawo shaidar inda shararki take zuwa. In babu, ki tashi daga gindin tsamiya, a ba mai tsabta."

Kun ji shari'a? Wanda aka ɓata, shi aka ce ya kawo shaida.

Iya ta ce, "Zan kawo."

Sai ta koma gida ta kwanto akuyarta, ta jawo ta har zaure.

Mai gari ya ce, "Ke akuya, me kika sani?"

Akuya ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da na ci shi na sani. In an surfa wake, ɓawon nawa ne. Dusa tawa ce. Ɓawon kabewa nawa ne. Ganyen da aka ci alala a kai, Iya tana tattaro mini shi daga kasuwa, da ɗan maiƙonsa. Ni kuma abin da na ajiye, a share a zuba a rami."

Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi cikinta kamar tulu. Wanda yake ci a hannunka ai ba zai faɗi laifinka ba."

Mai gari ya ce, "Gaskiyarka. Ba a karɓa ba. A kawo wata."

Akuya ta ce, "Allah ya isa," ta yagi gefen tabarmar zaure ta fita tana taunawa.

Sai Iya ta koma gida ta kamo kazarta, ta rungumo ta har zaure.

Mai gari ya ce, "Ke kaza, me kika sani?"

Kaza ta ce, "Ni? Me ban sani ba! Ranka ya daɗe, a tsakar gidan nake wuni. Tuwon dare in ya ragu, da safe ɗumame. Ƙanzo a jiƙa shi, rabi Iya ta kwaɗa da ƙuli, rabi nawa da 'ya'yana. Tsakin gindin turmi nawa ne. Ruwan wanke-wanke na zogale ne. Toka ta tukunya ce. Zani in ya tsufa ya zama tsumma, tsumma ya zama gammo, gammo ya zama matoshin tulu. Ƙwarya in ta fashe a ɗinke, in ta sake fashewa ni ake zuba wa ruwa a sakainar. In za ta kasuwa da kwandonta take zuwa, da kwalbar manja, da ɗan kurtun gishiri. Rannan ma mai kanti ya miƙo mata leda, ta ce masa…"

Mai gari ya ce, "Ya isa, ya isa! Kin cika mini kunne."

Barmo ya ce, "Ita ma ci take, ranka ya daɗe. Da bakinta ta faɗa."

Mai gari ya ce, "Ba a karɓa ba. A kawo wata."

Iya ta ce, "To wa zan kawo? Duk wanda ya san gidana yana ci a gidana. Laifi ne?"

Mai gari ya ce, "Kwanaki dai suna tafiya, Iya."

Sai Talata ta zo ta wuce, Iya ba ta hura wuta ba. Wata Talatar ta zo ta wuce, ba ta hura ba. Wa za ta dafa wa? Har wata mai soya awara ta fara zuwa tana auna gindin tsamiya da ƙafa, tana duba inda murhu zai zauna. Iya ta gan ta, ta ce, "Auna a hankali, 'yar nan, kada ki gaji a banza."

Sai ranar kwasar juji ta zo. A al'adar garin, jakin Mai gari shi yake ɗaukar mangalar farko a kowane gida, sannan sauran jakai su biyo. Wani tsohon jaki ne, bayansa duk kanta. Sarkin noma Arzika shi yake tsayawa a gona yana karɓar taki.

Aka fara da jujin gora uku. Aka cika mangala har tana tudu. Sai jaki ya kama hanya yana sassarfa kamar ɗan maraƙi. Mutane suka ce, "Kai, tsohon nan bana ya samu lafiya!"

Aka isa gona aka juye. Sai iska ta taso. Sai takin Mai gari ya tashi sama, baƙi da fari da shuɗi, wani ya maƙale a ƙaya, wani ya haye gawo, wani ya nufi garin maƙwabta. Abin da ya rage a ƙasa, takalmin roba wari ɗaya da mataccen batir.

Sarkin noma ya duƙa ya tona, ya shinshina, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina takin?"

Mai gari ya ce, "Yana ƙasa. Na sama ne wannan. A ɗebo na ƙasa."

Aka ɗebo na ƙasa. Leda ce, ta dai fi ta sama datti.

Aka je jujin gora biyu. Jaki ya dawo yana sassarfa. Aka juye, iska ta raba.

Aka bi gida gida har rana ta take. Gonaki suka yi ado kamar ana biki, taki kuwa ɗan abin da aka samu duk ya cakuɗe da leda, sai an zauna an tsince. Sarkin noma ya cire hula ya share gumi, ya ce, "Ko ƙwarar gero ba za ta huda wannan ba."

Sai Iya Tambai ta ce, "Saura gidana."

Barmo ya ce, "Me za a ɗauka a gidanki? Iska?"

Ta ce, "Iska ai kun gama ɗauka. Al'ada ta ce kowane gida."

Aka je. Ta yaye tsohuwar tabarma. Sai ga rami cike da baƙar ƙasa mai laushi, tana ƙamshin ruwan farko, ga tsutsar tana na yawo a ciki. Duk abin da akuya ta bari, kaza ta bari, tukunya ta bari, nan yake kwanciya, ana yayyafa masa ruwa har ya ruɓe. Sarkin noma ya dumbuza ya murza a hannu. Sai ya cika aljihunsa.

Aka cika mangala aka ɗora wa jaki. Sai jaki ya ce, "Wash!" Ƙafafunsa suka lanƙwashe.

Iya ta ce, "Tsaya nan. Ranka ya daɗe, ga shaidata ta uku. Jakinka ne. Ya taɓa cin ko ƙwarar dawa a gidana?"

Jaki ya ce, "Ban taɓa ba. Sau ɗaya na kai baki ga zogalenta, da muciya ta raka ni."

Mai gari ya dubi Barmo. Barmo ya dubi gangarsa.

Mai gari ya ce, "To, faɗi."

Jaki ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara sha huɗu ina kwasar jujin garin nan. Da, in na yi sawu goma, kwana uku nake yi ina jin baya. Yau sawu hamsin da tara na yi ban yi gumi ba. Kuna ta yabona, wai na samu lafiya. Ba lafiya ba ce, ba kaya ne. Kaya ɗaya aka ɗora mini yau, ga shi a bayana. In kuna neman inda sharar Iya take zuwa, ku zo ku ɗaga. Ku yi sauri kuma, nauyi gare shi."

Sai jama'a suka juyo suna duban Mai gari.

Mai gari ya yi gyaran murya ya ce, "To, magana ta ƙare. Iya, ki koma gindin tsamiyarki."

Iya ta ce, "Ba ta ƙare ba, ranka ya daɗe. Tsamiya dama tawa ce. Sunana nake nema."

Ya ce, "Ku je ku sasanta," ya yi gaba, rawani na rawa.

Sai Barmo ya aiko matarsa da goro bakwai a ƙulle. Iya ta amsa gaisuwa, ta ba ta ruwa ta sha, ta ce, "Mayar masa. Ba da goro ya ɓata ni ba."

Sai ya zo da kansa da sanyin safiya, kafin mutane su fito. Ya tsaya a zaure yana raɗa, "Iya, a yi haƙuri, kuskure ne."

Ta ce, "Me ka ce? Muryar taka ta yi ciwo ne? Ran Talatar da ka yi shela har ƙetaren rafi an ji ka."

Sai ya je kasuwa bayan an watse, ba ganga, ya fuskanci bango ya ce, "Iya Tambai ba ta da laifi." Ya dawo da gudu ya ce, "Na faɗa a kasuwa."

Ta ce, "Wa ya ji?"

Ya ce, "Akwai wani kare."

Ta ce, "To shi zai riƙa sayen alalar?"

A kwanakin nan matan gari suka yi ta sallama a gidanta, wannan ta ce wuta ta zo ɗiba, waccan ta ce rariya ta zo aro. Kowace kuwa sai ta zaga ta leƙa ramin nan. Iya ta ce, "Ku daina ɓoye-ɓoye, ku zo ku gani. Mai ruɓewa daban, marar ruɓewa daban. Marar ruɓewar kuma, wanda ba ki kawo gida ba, ba za ki rasa inda za ki zubar ba." Suka ce, "To yaushe za a yi alala, Iya? Yara sun dame mu." Ta ce, "Ku tambayi Barmo."

Sai Talata ta zagayo. Iya ta tashi ta surfa wake, ta niƙa da albasa da attaruhu, ta zuba manja ba ƙyashi. Ta cika gwangwani arba'in da biyu. Ta kai tukunya gindin tsamiya, ta ɗaure murfin da igiya, ta zauna ta naɗe hannu.

Sai ƙamshi ya bi kasuwa rumfa rumfa. Sai mutane suka taru da kwanuka. Wanda ya tofar da loma shi ne a gaba. Sarkin fawa ya baro nama. Sarkin noma ya zo da akushi.

Suka ce, "Iya, buɗe mana."

Ta ce, "Shara ce a ciki. Ba ku ji shela ba?"

"Haba Iya, ai mun san gaskiya!"

"Kun sani a ciki. Baƙin da suka ji waƙa suka tafi da ita garuruwansu fa? A kasuwa aka ɓata ni, da ganga, wuri uku. A kasuwa za a wanke ni, da ganga, wuri uku. In ba haka ba, akuyata tana jin yunwa, ita da ba ta taɓa zargina ba."

Sai kasuwa gaba ɗaya ta juya tana neman Barmo. Aka same shi bayan rumfar masu tabarmi. Wani ya riƙo hannu, wani ya rataya masa ganga.

Ya tsaya wajen 'yan hatsi ya buga, ya ce, "Jama'a, an samu ɗan kuskure…"

Iya tana bayansa, ta ce, "Ba samunsa aka yi ba. Wa ya yi shi?"

Ya ce, "Ni Barmo na yi kuskure."

"Me aka ce maka a bayan gidana?"

"An ce in shigo in gani."

"Ka shiga?"

"Ban shiga ba."

"To rera. Da waƙa ka ɓata."

Sai ya buga ganga ya rera:

Ni Barmo na auna tudu,
Ban auna abin da ke ciki ba.
Alalar Iya wake ce zalla,
Iya Tambai, ki yafe mini!

Ya je wajen mahauta ya maimaita. Ya je matsayar jakai ya maimaita, tsohon jakin nan yana kaɗa kunne. Sannan Iya ta koma gindin tsamiya ta kwance igiya. Kafin a kira la'asar tukunya ta koma fayau. Ta rage guda ɗaya, ta juye a ganye ta miƙa wa Barmo, ta ce, "Na yafe. Ci, ka dawo mini da ganyen."

Ƙurunƙus kan kusu, ɓeran da ya yi ƙaura daga bayan gidan Iya don bai samu abin tona ba.

Darasi, ku buɗe kunne. Tsawon juji ba arziki ba ne. Kafin ka jefar da abu, tambayi wa zai ci, wa zai sha, me zai zama. Kuma kada ka shelanta abin da ba ka shiga ka gani ba.

Amma ni da sauran magana. Barmo ya biya nasa. Wa ya ba shi gorar? Wa ya yi dariya har rawani ya karkace? Wa ya kori shaida biyu na gaskiya, ya sa tsohuwa ta yi makonni tukunyarta a kife? Mai gari Jatau. A ranar nan aikowa ya yi aka saya masa alala huɗu, ya ci a cikin gida, bai ba ta haƙuri ba. Wannan bai yi ba. Rawani ba ya hana ba da haƙuri. Kamata ya yi ya fito ranar Talata, kasuwa na ci, ya tsaya a gindin tsamiya, ya ce da bakinsa, "Iya Tambai, na zalunce ki, ki yafe mini." Kowa ya ji.